Gambar Iyaka

Shekara hamsin Baba Mani na Matankari yana noman hatsi a gindin tudu, gonarsa kewaye da gambar da mahaifinsa ya dasa a kan iyaka. Da ita suke saƙa zana kowace kaka. Da 'ya'yansa suka karɓi noma, sai suka tumɓuke ta don su ƙara shuka.

Bana jikarsa Mubarika, malamar gona, ta kawo hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, ta nuna masa jan layi inda ruwa zai zaizaye ƙasa.

Tsohon ya bi layin da yatsa, ya ja tsaki.

"Ke Mubarika, sai da kuka hau sama kuka gani? Nan gambar babana take. Shi da ƙafa ya auna."