Taku Huɗu Tsakaninmu da Bijimi

Ana idar da sallar asuba muka bar tashar Sabon Birni, muka nufi Isa sunan ɗan ƙanwata. Mu bakwai ne a motar, ga buhunan gero uku a baya, ga wata dattijuwa rungume da tunkiyarta kamar jika. Ni aka ba gaba, wai darajar malanta. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare.

Damina ta yi albarka bana. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, ba ka hango abin da ke bayansa. Abin da ke damun direbanmu ke nan, don kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Da muka samu miƙaƙƙen wuri sai ya taka. Na leƙa allurar gudun motar, ta haura ɗari.

Na ce, "Direba, sassauta mana."

Ya ce, "Malam, wurin ga ba a wasa da shi. Kuma birkina sabo ne."

Na ce masa kafin birki akwai ƙafa. A gudun ɗari, daƙiƙa ɗayan da ido zai gaya wa ƙafa ta taka, mota ta riga ta cinye kusan mita ashirin da takwas. In kuma ka ninka gudu, nisan da za ka ja kafin ka tsaya ninki huɗu yake yi, ba biyu ba. Dattijuwar ta ce ita ba ta san mita ba, amma in tunkiyarta ta yi ɓarna a kujera kar a ga laifinta. Aka kwashe da dariya, direba ya sauko sittin yana gunaguni. Ina jin maganarta ce ta yi aiki, ba tawa ba.

Ba mu yi nisa ba sai gero ya motsa a gabanmu, wani abu ya faɗo titi. Direba ya danne birki, tayoyi suka yi ƙara. Mota na son tsayawa, mu da kaya muna son ci gaba. Buhuna suka turo kujerar baya, goshin dattijuwa ya daki kafaɗata. Muka tsaya cik. Kowa ya ɗauka 'yan bindiga ne.

Ashe shanu ne. Wani farin bijimi ya tsaya yana kallonmu yana tuƙa. Makiyayin, dattijo mai furfura, ya fito da sandarsa yana ba da haƙuri. Na sauka na auna da ƙafata: taku huɗu tsakanin hancin motar da bijimin. Gwiwoyina rawa suke. Direba ya kifa kai a sitiyari yana ta hamdala, can ya ɗago ya ce, "Malam, da muna ɗari fa?"

Na ce, "Ja mu tafi. Wannan lissafin ba za ni yi shi ba."

A Isa mun samu raɗin suna. Na ci waina, na sha fura mai nono har na manta tsadar kuɗin mota. Kafin la'asar muka juyo, magariba ta same ni a ƙofar gida lafiya lau.

Abin da na koyo shi ne allo ba ya sa gwiwa rawa. Ranar Litinin na fitar da ɗalibaina fili, na sa kowa ya taka mita ashirin da takwas da ƙafarsa. Da suka kai ƙarshe suka waiwayo, na ce musu, "Duk wannan, direba bai ko taɓa birki ba."