Yana Rage Iska, Muna Ƙarawa

Mun tashi da asuba, ana sallame salla a Harami, daga ƙofar gidan maigidanmu a unguwar Misfala ta Makka. Ku da kuka dame ni da tambaya tun jiya, ga labarin nan, sai ku bar ni in huta. Mu uku ne. Ɗan maigida yana gaba a jar motarsa, ni da direban gidan, wani dattijo Basakkwace, muna biye a akori-kura da ruwa da tabarmi da safaya taya da famfon hura iska.

Motar nan daga Italiya aka kawo ta. Kujera biyu gare ta, ba rufi, kuma ta yi ƙasa sosai, in ka shiga kamar a kan buzu kake zaune. Ni nake wanke ta kullum. Yaron kuwa a Makka aka haife shi, ubansa ma haka, kakansa ne ya zo a ƙasa daga Kano. Hausa yana ji sarai, amma bakinsa sai Larabci, balle in abokansa suna kusa. "Ya Hajji" yake ce mini, yadda ake ce wa duk wanda ba a damu da sanin sunansa ba. Abokan nasa sun share wani fili a bakin teku, kudu da Jidda, inda suke tseren motoci, can muka nufa.

Ni dai ba da son raina na shiga tafiyar ba. Na zo aikin hajji shekarun baya, ayarinmu ya koma ban koma ba, har yau ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. A cikin Makka mutum yakan saje da jama'a, amma a kan hanya in askar ya ce ina takarda, magana ta ƙare, sai a sa ka jirgin ruwa a mayar da kai gida. Ga matata da 'yata a rumfarmu ta unguwar Kudai, ba wanda zai ɗauki nauyinsu. Sai dai wanda yake cin abincin gida ba ya cewa ba za shi ba.

Kafin mu tashi, ina goge motar, na ga tayoyinta huɗu duk sun ɗan kwanta. Na taka ɗaya da ƙafa, na ji laushi. Ku kun san yadda muke: taya a kwance abin kunya ce ga gida, kuma ba a tarar ɗan maigida da sassafe a ce masa motarsa tana da aibi. Na ɗauko famfo na cika su tam, ban gaya wa kowa ba, na koma gefe ina jin na samu lada. Abin da ban sani ba, shi ne da kansa ya rage iskar tun yammacin jiya. Makanikensa na Jidda ya ce masa filin tseren yashi ne mai gishiri, taya mai tauri ba ta kama shi, kuma zafin gudu da na rana kan ƙara wa taya iska, don haka a fara da ita da ɗan laushi. Shi ma bai ga dalilin yi wa mai wankin mota bayani ba.

A shingen askarawa na Shumaisi na sunkuya ina gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Allah ya taimake ni, jar motar ta ɗauke musu hankali, har wani yana shafa ta kamar goɗiya. Daga nan kwalta ce shimfiɗe tsakanin baƙaƙen duwatsu, ba itace ko na rantsuwa. Manyan motoci ne ke ta tahowa da buhunan shinkafa da siminti, raƙuma kuma na tsallaka titi ba sa ko duban mai hon.

Mun tsaya karin kumallo a Bahara, a wata gahawa, wato rumfar mai shayi, mai dogayen gadajen igiya, waɗanda in ka hau ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Aka kawo wake dakakke da mai, da gurasar tamis mai zafi wadda ta kai faifai faɗi, da shayi a 'yar buta. Abinci da arha, 'yan girshi kaɗan ka ƙoshi. Ruwa ne mai tsada. A ƙasar nan za ka shayar da motarka ba ka ji ba, amma in kai ne za ka sha sai ka yi tunani.

Muna nan muna ci, ashe yaron ya fita da wani ɗan ƙarfe mai kama da alƙalami da ake auna iska. Ya auna, ya ga ta hau, ya ɗora wa rana laifi, ya sace wadda na sa, ya dawo ya zauna. Can direba ya fita wanke hannu, ya ga tayoyi a kwance. Ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo kuwa yana haki, ya ce mini zafin shayi ne.

Jidda muka ratsa ta gefe, iska mai danshi tana manne wa mutum riga, ga warin kifi da na kwalta. Muka sauka daga titi muka bi sawun motoci har filin. Fili ne fari fat, iya ganinka, an jera durom-durom an yi da'ira da su. Samari cikin fararen riguna sun jingina da motocinsu, rediyo na ta kiɗa. Yaronmu ya tsaya can gefe, ya sake aunawa, ya kalli rana ya yi tsaki, ya sake sacewa, sannan ya tafi gaisawa. Mu lokacin muna bayan akori-kura muna sauke kaya.

Da na leƙo sai na ga tayoyin sun sake kwanciya. Na lallaɓa in ɗauko famfo, sai na ji hannu a kansa. Direba ne. Muka tsaya kallon juna.

"Kai ma ka gani?" na ce.

"Tun Bahara ni cika su," ya ce.

"Ni tun Makka."

Ya girgiza kai. "Turawa sun cuci yaron ga. Wagga taya ba ta riƙon iska. Mu cika ta yadda za ta kai ƙarshen gudu."

Haka muka yi. Ya hura in karɓa, in hura ya karɓa, har sai da ya buga sifana a jikin taya ta yi ƙara kamar tulu. Muka yi wa juna sannu da aiki.

Aka ɗaga ƙyalle, motoci suka zabura. Tamu ta fita gaba, na fara kabbara. Sai na ga tana tsalle-tsalle kamar fara. A kwanar farko gindinta ya zame, ya kamo ta da ƙyar. A zagaye na biyu muka ji dam, kamar an harba bindiga. Tayar baya ta fashe, mota ta yi juyi, ta kwashi durom, ta je ta kafe a taɓon bakin ruwa. Wallahi ban daina salati ba har sai da na ga ya fito da kansa, taɓo har gwiwa, yana zagin rana.

Ba mu gama hamdala ba sai ga jif ta askarawan gaɓar teku ta ɓullo daga cikin yashi, ƙarar ce ta jawo su. Abokan nan kowa ya tuna ana nemansa a gida. Na duba gabas na duba yamma, ko ciyawar da za ta ɓoye ƙadangare babu. Ga ni tsaye da famfo a hannu.

Babbansu, wani shawish, wato saje, mai gashin baki, ya zagaya jar motar yana dariya. Da ya ga famfo sai ya yafito ni, ya ce in zo in cika musu tayoyi, sun sace iskar ne don su ratsa yashi, yanzu kwalta za su hau. Na kalli direba, direba ya kalli ƙasa. Yaron ya kalli famfon, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, na ga lokacin da ya gane komai. Na duƙa na fara hurawa, kaina a sunkuye, ina fatan kada kowa ya tuna ina da fuska.

"Ya takaruni," in ji shawish, yadda suke kiran mu mutanen ƙasar Hausa, "fen iƙama?" Wato ina takardata.

Hannuna ya tsaya. 'Yata kawai nake gani. Kuma mutum ɗaya da zai iya magana a wurin shi ne wanda na fasa wa taya na kunyata gaban abokansa. Ya juya yana kallon motarsa cikin taɓo, har na fid da rai. Sannan na ji ya ce, "Hada ammi." Wai ni ƙanen ubansa ne, a gidansu nake.

Shawish ya dubi tsagen da ke fuskata, ya dubi fuskar yaro sumul. Ya karɓi takardar yaron ya karanta sunan gidansu, ya mayar masa. Sai ya haɗe rai. Ya ce, to in baffanka ne, kana tsaye yana hura taya cikin rana? Aib, abin kunya! Ina tarbiyya?

Yaro ya cire ƙyallen kansa, ya karɓi famfo daga hannuna. Tayoyin jif huɗu, rana tsaka, mutumin da ko butar alwalarsa ba shi yake ɗauka ba. Ni kuwa aka zaunar da ni a inuwar mota, shawish ya zuba mini shayi da hannunsa. Direba yana da takardunsa cif, amma da ya ga inuwa da shayi sai ya matso ya ce shi kuma kawu ne.

Askarawa suka taya mu jawo motar kafin su wuce. Muka sa safaya taya, muka ci soyayyen kifi da jar shinkafa a Jidda, tafin hannun yaron duk ya yi bororo. Muka kamo hanya a hankali, jar motar tana tafiyar jaki. Mun shigo Makka ana kiran magariba. A ƙofar gida ya tsayar da ni, na ce yau kam aikina ya ƙare. Sai ya ce da Hausa, yana laluben kalmomi, "Don Allah, in ka ga taya ta kwanta, ka tambaye ni."

Abin da na koya ke nan. Ba kowace taya mai laushi ce ke neman taimako ba, kuma alherin da muke yi a ɓoye don kunya ya kusa kashe ɗan mutane ya kuma jefa ni jirgi. Da ɗayanmu ya buɗe baki tun a Misfala, da ba a yi haka ba. Famfon ma yanzu a ɗakinsa yake kwana, a kulle.

Har yanzu ba ni da iƙama. Amma yau da safe ina wanke taɓon motar, ya fito tare da abokansa biyu na Jidda. Ya tsaya a gabansu, ya ce, "Ina kwana, Baffa." Na amsa, na ci gaba da goge wuri ɗaya har suka wuce, don ban so su ga idona ba.