Tarin da Ya Dawo Cikin Gida

Pang Shoutian ba ya tari a cikin gida. In tarin ya taso masa, sai ya ajiye tsinken cin abinci, ya ce zai duba baunarsa ta noma, ya zaga bayan garke ya toshe baki da hannun riga. Haka mahaifinsa ya yi a zamaninsa. A ƙauyenmu na tsaunukan Guizhou a ƙasar Sin, in an kai mutum asibiti, baunar gidan ake sayarwa, kuma gidan da ba bauna, ba noman shinkafa.

Shi ya sa ya jera katako a rumfa, yana sassaƙa akwatin gawarsa sannu a hankali.

Matarsa Guilan ta daɗe da ganewa. Wata safiya ta tsaya a kansa.

"Tsoho, ashe baunar nan ta koyi tarin mutane?"

"Sanyi ne ya kama ta."

"To tashi mu je asibiti, a gwada ka a madadinta."

"Da me za ki biya? Da haƙoran nan naki biyu?"

"Da abin da nake zubawa duk shekara a asusun lafiyar manoma. Wanda kake cewa a rijiya nake jefawa."

Bai yarda da ita ba, ya bi ta ne don ta yi shiru. Kafin su fita sai da ya shafa wuyan baunar, ya daɗe yana shafawa.

Ciwon huhu ne. Ya yi kwanaki a asibitin gunduma. Asusun ya ɗauki mafi yawa, kuɗin ganyen shayin da Guilan ke sayarwa ya cike sauran. Ranar da ya dawo, tun daga kan gada ya hango baunar kwance cikin taɓo tana tuƙa. Ya tsaya cak.

"Wai su wa suka biya?"

"Mutanen da ba ka sani ba," in ji Guilan. "Su ma ba su san ka ba."

Da yamma ya yi tari a gaban abinci, mai ƙarfi. Guilan ta ƙara masa shinkafa.

Katakon nan kuwa, amya ya riƙa yi da shi. Shekara da shekaru duk baƙon da ya ratsa ƙauyen sai ya tafi da zuma, ba a karɓar ko kwabo. In Guilan ta yi ƙorafi, sai ya ce, "Wa ya sani ko yana cikin waɗanda suka biya mini?"

Ya rasu da bazara, bai gama murfin amyar ƙarshe ba. Ƙudan zuman ba su jira shi ba, sun riga sun shiga.