Anti Bayan-Kunne Ta Ajiye Audugarta

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakinta a asibitin fata. Ta ɗage labule, ta jawo kujera gaban taga, don ba ta yarda da hasken lantarki ba. Sai ta jera kwalabe, auduga, ruwan sanyi da agogo. Shekara ashirin da shida tana shafa wa fuskoki sinadarin da ke saɓe fatar sama, sabuwa ta fito.

Laƙabin Bayan-Kunne daga aikinta ya fito. Ba ta taɓa fuskar kowa sai ta ɗiga maganin a bayan kunne, ta ce a dawo bayan sati biyu. Wata malamar makaranta mai tabon ƙuraje ta taɓa yin fushi.

"Anti, fuska na kawo miki, ba kunne ba."

"Kunnen ma naki ne, 'yata. In ya ƙone, ɗankwali ya rufe. Fuska da me za ki rufe?"

Masu son ta mai da su farare kuwa amsarsu ɗaya: "Tabo nake cirewa. Launi, ki kai wa mahaifiyarki ƙara."

Aikin na ido ne. Fata takan ɗan sauya kafin ta ƙone, a nan ake wankewa. Watan jiya tana kan kumatun wani tela, abokiyar aikinta ta ce a hankali, "Anti, ya yi." Ita ba ta ga sauyin ba, sai da aka faɗa ta wanke. Telan ya tafi lafiya, bai san komai ba. Kafin azahar ta miƙa takardar ajiye aiki.

"Tabarau za mu canja miki," in ji likita.

"Sau uku na canja, likita."

Yanzu tana gida. 'Yarta ta ce in tsofaffin majinyatanta sun zo gaisuwa, ba ta gane su sai sun yi magana. Sai ta ce su matso, ta bi kumatunsu da yatsa, ta daɗe ba ta saki ba.

Ke ce mai hannun sanyi, Anti. Ke ce kika bar abin da kike so tun kafin ya cuci kowa. Mun gode. Masu riƙe da auduga yau, ku koyi jiranta, ku koyi dainawarta. Ku kuma riƙa leƙa ta: har yanzu tana tambayar yadda kumatun telan suka warke.