Targaɗen Inna da Kunyar Suruki

Shekarar da gyaɗa ta yi kyau a gonarmu ta Fulatan, na zo ganin gida daga Karaye inda nake aure, a gabana Inna ta yi targaɗe a baya. Ta sunkuya za ta ɗaga kwandon ɗanyar gyaɗa, sai ta ce "wash", ta kasa miƙewa. Da ƙyar muka kai ta ɗaki.

Ciwon bai dame ta kamar sallah ba. A kwance take yi, da nuni. An gaya mata ya halatta, ta ce ta sani, amma ita so take goshinta ya taɓa ƙasa. Ran da na same ta tana hawaye bayan la'asar, ni ma sai da na yi. Mun shafa man zafi, mun ɗaure ƙugun da zani, mun hana ta ko motsi a kan katifa mai laushi. Bayan sai ƙara ƙagewa yake.

Abin haushi, mai gyaran namu ne. Mijin Yaya, mutumin Falgore, ya gaji ɗori da gyaran targaɗe wurin mahaifinsa, har daga nesa ake kawo masa mutane a babur. To amma surukin Inna ne, mijin 'yar fari ma kuwa. Ba ta kama sunansa, ba ta shan ko ruwa a gabansa. Da na kawo maganar sai ta harare ni.

"Shi zai taɓa min baya? Ke kam ba ki da ta ido."

Na aika masa duk da haka, don ni ba na jin magana. Ya zo da Yaya, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bayan labule ya gaishe ta, ta amsa can ƙasa-ƙasa. Na zaci zai roƙe ta ya shiga. Ko kusa. Ni ya juyo ya kalla.

"Ƙanwata, hannun nan naki, ban da kai loma yana wani aiki?"

"Ya fi naka laushi dai," na ce.

Sai ya sa ni tambayarta. Zafin yana sauka ƙafa? Yatsun sun mutu? Fitsari yana kufce mata? Ya ce da ɗaya daga ciki ya samu, ba zai taɓa ba, asibiti za mu nufa. Da ya ji babu, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kwantar da Yaya a gefe, tana ta ƙunƙuni, ya nuna min komai a jikinta: inda zan bi da babban yatsa gefen ƙashin baya har in ji naman da ya ɗaure, yadda zan lanƙwasa gwiwar sama, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu. Ya sa na yi ta maimaitawa har Yaya ta ce bayanta ba na aro ba ne.

Na shiga ɗakin. Ni da Yaya muka sauko da Inna kan tabarma, na gasa wurin da tsumma da ruwan zafi. Shi yana bayan labule, yana ba ni umarni a hankali, ko sau ɗaya bai ɗago kai ba.

"Kada ki yi ƙarfi. Jira ta saki numfashi, sannan ki danna."

Na danna, Inna ta yi salati, ta sauke ajiyar zuciya. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai natsuwa a kan aikinsa irin wannan ba, ya gyara bayan da ko ganinsa bai yi ba.

Ya hana katifa, ya ce ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan tana dafa bango, ni kuma in ci gaba da gashi. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Ya yi ta zuwa yana durƙusawa a wurin nan, alhali tasa gyaɗar na jiransa a gona.

Wata azahar na shigo na tarar da Inna a tsaye kan abin sallah. Ta yi ruku'u, ta sauka a hankali, goshinta ya taɓa ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, har na ce bayan ne ya sake riƙewa. Tana sallamewa na tambaye ta.

"Ke dai ba ki da haƙuri," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Addu'a nake yi wa mutumin nan."