Fasinjar da Baba Ya Sauke

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanwata Rifkatu, amma har yanzu idan na shiga gidanmu na Mayo Gwoi da la'asar, ƙarar injin mota ce ke fara tarbata daga ɗakin Baba. Aikinta ne, kuma a kansa nake so in yi godiya yau.

Babanmu direba ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar mutane da buhunan doya tsakanin Jalingo da Sunkani, har ranar da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, magana ta yi nauyi. Mutumin da ba ya iya zaman minti biyar sai ga shi a kujera yana kallon bango. Ni da nake babba, magani da addu'a kawai na sani. Rifkatu kuwa, da muke tsokana cewa kwamfuta ta aura, sai ta kawo masa wasan tuƙin mota.

Ya gwada sau ɗaya ya ture. Titunan Turawa ne, sumul, babu rami, babu akuya. Ya ce wannan ba hanya ba ce.

Daga nan ta shiga ƙera abin da matasa ke kira mod, wato ƙarin da mutum ke yi da kansa ya cusa cikin wasa don ya sauya masa kama. Ta yi hanyar Sunkani da ramukanta. Ta yi tsohuwar bas ɗinsa da ƙofar da ba ta rufuwa sai an daka mata duka. Ta yi ruwan sama, ta yi shanu masu tsallaka titi ba sallama. Don neman magana kuma ta yi wani mod mai suna Fasinja: mace da jan ɗankwali a kujerar gaba, ita kanta ke nan.

Matsalar ita ce saka waɗannan abubuwa da cire su aiki ne mai wahala, kuskure kaɗan wasan ya ƙi tashi, ita kuma tana wurin aiki da rana. Sai ta rubuta wata 'yar manhaja da ke yin wannan duka. Farin shafi ne da sunayen mod ɗin da manyan baƙaƙe, sai maɓalli biyu da hannun hagu zai iya kaiwa. Ba ta rubuta musu "kunna" da "kashe" ba, don Baba ba ya son jin kalmar kashewa tun da ya kwanta. Harshen tasha ta yi masa: Ɗauka da Sauke.

Ni mai son ado ne, na ce mata abin ya yi tsirara, ko maɓallin sharewa babu. Ta harare ni ta ce, "Yaya, ka taɓa ganin direba ya jefar da fasinja? Sauke shi yake yi."

Bayan rasuwarta, wadda ta zo bayan gajeriyar jinya, Baba ya daina tuƙi a wasan. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin na san wasan nan ne ke tayar da shi daga gado. Da ya koma, abu na farko da ya yi shi ne ya kai yatsa kan Fasinja ya danna Sauke. Ya ci gaba da zuwa Sunkani kullum da kujerar gaba babu kowa, fuska a ɗaure, ko hon ba ya yi wa shanun.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. 'Yar manhajarta ta bi filashin kwamfuta ta shiga shagunan wasa na unguwar Barade, masu buga ƙwallo suna saka rigunan ƙungiyoyin unguwa da ita, yawancinsu ba su san sunan mai ita ba. Wasu sun ƙara mata launuka da kiɗa da maɓallai har mutum ya rasa inda zai taɓa. Na tabbata tsaki za ta ja, sannan ta zauna ta gyara musu kyauta, don haka take. Ni kuwa da na raina abin, yanzu na ga amfanin ƙanƙantarsa. Da tsohuwar kwamfutar ta mutu bara, na ɗauka shi ke nan, hanya da bas da jan ɗankwali sun tafi tare. Mai gyara ya kwashe komai zuwa sabuwa, manhajar ta tashi ba gardama. Ya ce babu abin da zai lalace a cikinta, don ba a loda mata kaya ba.

Rifkatu ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar wa tsoho mai hannu ɗaya hanyar da zai fita kullum ba tare da ya roƙi kowa ba, kuma ta bar masa damar ajiye abin da zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba, ba tare da ya rasa shi ba. Na gode mata, na gode wa Allah da ya ba mu aronta.

A watan jiya na shigo na ji hon yana tashi kamar ranar kasuwa. Na leƙa ɗakin, sai ga jan ɗankwali a kujerar gaba. Na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, ka ɗauke ta?"

Bai ɗago daga hanya ba. Da Hausarsa da ba ta taɓa raba mace da namiji ba, ya ce, "Ya daɗe a bakin titi. Rana ya yi masa yawa."