Baba Mati, Mai Warkar da Gonar Aro

Duk wanda ke zaune a Ƙofar Durbi ya san sallamar Baba Mati tun kafin ya san fuskarsa. Ana idar da sallar asuba sai ka ji shi a bakin zaure: "Salamu alaikum masu gida, akwai toka?" Jakinsa na tsaye a baya da mangala, yana kaɗa kunne kamar shi ma amsa yake jira. Matan gida su turo tokar murhu da kashin awaki da sharar tsakar gida. Ya tsuguna ya tsince leda ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, don a 'yan shekarun nan shara ma ta lalace, rabinta leda ce. In mangala ta cika, ya kora jakin su fita ta Ƙofar Sauri su nufi gona. Gonar ba tasa ba ce. Mutumin nan ya haura saba'in, bai taɓa mallakar ƙasa ko kamar tafin hannu ba.

Manoma sun san wata doka da babu wanda ya rubuta ta: gonar aro ba a zuba mata taki. Ka ci abin da za ka ci ka yi gaba, domin ranar da ta yi kyau, ranar mai ita ke tunawa da ita. Shi ya sa gonakin aro ke mutuwa a hannun talakawa, kowa na tatsa, ba mai ciyarwa. Baba Mati kaɗai na sani da ya ƙi wannan doka. Shi in zai yi aro, fako yake roƙo, wato ƙasar da ta ƙeƙashe har ciyawa ta guje ta, ruwan sama ya sauka ya wuce kamar a kan daɓe. Masu ita kan ba shi suna dariya.

Ɗanliti, wani manomi da gonarsa ke kan hanyar da Baba ke bi, shi ya ba ni labarin farkon abin. Ya ce, "Wallahi Malam, mun ɗauka taɓin hankali ne. Mutum shi haƙa 'yan ramu cikin rani, shi zuba toka da kashin awaki, shi shimfiɗa kara a kai, shi ce wai gara yaka kira! Muka ce gara da ke cinye mana rumbu? Ya ce ai ita ce leburarshi, ita ka huda mashi ƙasa ruwa shi shiga." Da damina ta biyu gero ya tsaya a ramukan. Kafin a ankara fako ya yi baƙi, ya yi laushi, wake na yaɗo a ƙarƙashin gero. Sai mai gona ya aiko cewa ɗansa ya girma, yana son wurin noma. Haka aka yi masa sau uku, a gonaki uku, kuma ko sau ɗaya ban ji ya kai ƙara wurin mai unguwa ba. Ni da nake maƙwabcinsa ne nake zagin mutanen a madadinsa, shi kuwa ya ɗaura wa jaki mangala ya tafi neman wani fakon.

Ta huɗun ce muka yi zaton ta zauna. Marigayi Alhaji Shehu, wani mai sayar da yadi, ya ba shi wani fako a bayan Ƙofar Sauri, ya faɗa a gaban mutane cewa Mati ya noma har ƙarshen ransa. Wannan gona ita ta zama makaranta, ba allo, ba kujera. Manoman ƙauyukan kusa in sun shigo gari sukan ratse, su tsaya a gindin gawo. Baba ba ya wa'azi. Zai ce ka damƙo ƙasar gonarka ka zo da ita a ƙulle, ya ɗebo tasa, ya ce ka sansana duka biyun. Sannan ya faɗi abin da zai faɗa: kada a ƙone kara, a bar shi kwance ya ruɓe, in ana sassabe a bar tsiron gawo da kalgo da sabara su tashi, a haɗa gero da wake, in wuta-wuta ta cika gona, kada a zagi ciyawar, ƙasar ce ke kukan yunwa. Da yawa sun ji sun watsar, don a wurinmu gonar da aka share ƙal ita ce ta jarumi, mai kara a kwance kuwa ta rago. Amma wasu sun ɗauka, kuma Ɗanliti ya rantse mini cewa tun da ya daina sa wa gonarsa wuta bai sake sayen hatsi kafin kaka ba.

Bara soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har rawa na kusa yi da girmana. Lokacin neman ƙuri'a kowane ɗan takara alkawarinsa ɗaya ga manomi: buhun takin zamani. Baba bai taɓa cewa takin zamani haram ne ba. Cewa yake kamar shayi ne, yana tada mutum, amma wanda bai ci tuwo ba sai ya faɗi. Sai dai wa zai tsaya sansanar ƙasa alhali ana rabon buhu? Gindin gawo ya koma shiru. Buhunan kuma, da suka zo, mutum goma aka haɗa a kan ɗaya.

A cikin wannan shekarar Allah ya yi wa Alhaji Shehu rasuwa. Gari na ta faɗaɗa, sababbin masu muƙami na neman filin gini, gonar da a da ko akuya ba ta tsayawa a cikinta ta zama abin kallo. Bala, babban ɗan marigayin, ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe da Baba. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaro ne mai ladabi. Ya ce, "Baba, mun san maganar da Alhaji ya yi. Amma yanzu ta zama gado, akwai marayu ciki, kowa na jiran rabonshi. Ka cire amfaninka, bayan kaka za a yanka fulotai."

Baba ya ce, "To, Allah shi jiƙan Alhaji. Abu guda nika roƙo. Tun da gini za a yi, ƙasar sama ba ta da amfani gare ku. Ku bar ni in kwashe in kai ma su Ɗanliti."

Bala ya yarda. Amma me jaki ɗaya zai kwasa? Bai ci ko gefe guda ba katafila ta iso. Ina wurin. Ta tura ƙasar nan baƙa wuluk, aikin shekaru fiye da goma, ta zuba ta a wani kududdufi da ake son cikewa. Ƙamshinta ya tashi kamar an yi ruwan farko. Gawon ma ba su bar shi ba. Baba na tsaye riƙe da igiyar jaki yana kallo, ni ne hawaye ya zubo mini. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan kama in ce shi ne azzalumi. Kowa da hujjarsa, Baba ne kawai ba shi da takarda.

Baba Mati, kai ne ka ciyar da ƙasar da ba taka ba. Kai ne ka bi gida gida kana roƙon abin da muke zubarwa, ka mayar mana da shi hatsi. Gonaki uku na can suna ciyar da iyalan da ko gaishe ka ba sa zuwa yi. Likitan fako, mun gode, Allah ya saka maka, don mu dai mun kasa.

Ku kuma masu karatu, ba zan ce a ba shi lambar yabo ba, ba za ta yi masa komai ba. Wanda ke da gona ya daina ƙona kara, ya bar gawo ya tashi. Wanda ya ba da aro ya ji tsoron Allah, kada ya jira sai ta warke ya tuna da ita. Ina faɗa ne kawai, ban cika sa rai za a ji ba.

Matar Baba, Inna Kulu, ta ce gwiwoyinsa sun ƙi, sallah ma a zaune yake yi. Shekaranjiya na shiga duba shi, na same shi yana ɗinke mangala. Ya ce, "Malam, kai da ka san mutane, ka tambaya mani ko akwai mai fakon da ba ya so."

Na ce, "Haba Baba, don su sake ƙwacewa?"

Ya ce, "Wanga karo ba su samun dama. Fako shekara bakwai yaka so kafin shi warke. Ni kuwa ba ni da bakwai."